Mai Tsayuwa a Ƙofar Masai

Manang Pacing tana dama kofi a bakin kasuwar Jaro, idonta na kan 'yan mishan ɗin Mormon masu fararen riguna, su biyu kamar kullum. Dogon take kallo. Bature ne, da ƙyar in ya kai ashirin. Rana ta gasa masa wuya ya yi jajur, gumi ya manne masa riga a baya, dunduniyar takalminsa ta cinye ta gefe ɗaya.

Abokinsa ya shiga masai, shi kuwa ya toge a bakin ƙofa. Dokarsu ce, ba a rabuwa. Tare suke yini, ɗaki ɗaya suke kwana, har shekara biyu.

"Toto, zo ka zauna mana! Ko gadin masai aka ɗauke ka?" in ji Manang, wadda Toto take ce wa kowane yaro. Ba ta yi masa tayin kofi ba, ta san addininsu ya hana su sha.

"Na gode, Manang, nan ma ya isa."

Murmushin da yake ta rabawa tun safe a ƙofofin da ake rufe masa ya zame daga fuskarsa. Ya jingina kai da bango, ya lumshe ido cikin zarni da ƙudaje. Manang tana tunanin ko uwarsa ta san ya rame haka.

Inday, mai sayar da kifi kusa da ita, ta buɗe baki za ta tsokane shi, Manang ta galla mata harara.

"Ƙyale yaron nan, Inday. Duk yinin yau, sai yanzu ya samu ya zama shi kaɗai."