Ƙwai Uku Zuwa Ruwan Zafi na Lis

Ku mutanen gida, ina gaishe ku daga Misfala, nan Makka. Ni ban san biro ba, matar wani ɗalibi maƙwabcina ce ke rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Ga abin da ya tayar da ni. A wajen wani suna na ba da labarin zuwanmu ƙasar nan ina 'yar shekara takwas: yadda jirgin katako ya ɗauko mu daga Sawakin ta Sudan ya zubar da mu a gaɓa, muka ɓata cikin duwatsu, Innata ta ɗaure ƙwai uku a ɗankwali ta dafa su a ruwan da ke fitowa daga ƙasa, ba itace ba wuta. Sai Hajiya Dije mai sayar da turare ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Auta, ɗana, ya ji. Dama tun ranar da na manta tukunya a kan gas, sau ɗaya tak cikin shekara hamsin da na yi ina yi wa alhazai dambu, yake neman hanyar kwashe ni zuwa gidansa na unguwar Ka'akiyya. Ya duba wayarsa ya ce lallai akwai ruwan ɗumi a wajen Lis, amma na wanka ne, ba ya dafa komai.

Na ce masa wayar ba ta tare da mu ranar. Na ɗora mabuɗin ɗakina a kan tabarma, na ce ya kai ni. In ƙwai bai nuna ba, mabuɗi nasa ne, in bi shi ba gardama. In ya nuna, kada ya sake yi mini zancen tashi. Ya amsa da sauri, don ya ɗauka ya riga ya ci.

Misfala zuwa Yalamlam

Mun fita ƙarfe biyar da minti ashirin, bayan sallar asuba, ranar Asabar, a tsohuwar motarsa. Na riƙe ƙwai uku a cinya cikin ɗankwali, da carbina, da ƙullin gishiri da yaji. Auta ya saka ƙaramin gas da buta a bayan mota, wai ko za a sha shayi. Na ce duk wanda ya kunna ashana a tafiyar nan ya warware alkawari.

Hanyar ta Ka'akiyya take bi. Da muka zo daidai layinsu sai ya rage gudu, ya nuna mini tagar ɗakin da suka gyara mini, har da labule sabo. Na ce labulen ya yi kyau, a ajiye wa baƙi.

Ƙarfe shida saura kwata muka tsaya a shingen askarawa. Wani matashi ya karɓi iƙamata, takardar zaman ƙasa, ya dube ni, ya leƙa cinyata, ya tambaya da Larabci me na rungume haka. Na ce shaidu ne. Ya yi dariya ya ce Allah Ya kiyaye hanya, Hajja.

Ƙarfe bakwai muka isa Yalamlam, inda masu zuwa daga kudu ke ɗaura harami. Yanzu masallaci ne babba da famfuna jere. Lokacinmu rijiya ce da 'yan rumfuna. Mun karya da gurasar tamis da ful, waken nan nasu, shayi riyal ɗaya kofi. Tamis ɗin ya ji wuta, ful ɗin kuwa gishiri bai kai masa ba, kuma na gaya wa mai shi.

Lis zuwa cikin kwari

Daga Makka zuwa Lis kilomita wajen ɗari da tamanin ne. Mun shiga garin tara saura minti goma. Na ji warin teku tun kafin in gan shi, amma ban ce a tsaya ba. Muka juya gabas, muka bar kwalta mai faɗi, muka kama wata siririya ta cikin kwari. Duwatsu baƙaƙe dama da hagu, raƙuma na ratsa hanya yadda suka ga dama. Auta ya yi ta tambaya ko na gane wurin. Gaskiya ban gane ba. Shekara sittin da ɗoriya ba wasa ba ce. Sai dai ban gaya masa ba.

Ƙarfe goma muka iso. An gina ɗakunan wanka, na maza daban na mata daban, masu ciwon gwiwa da ƙaiƙayi na shiga suna fita. Auta ya tsoma hannu a kwatamin da ke kai ruwa, ya bar shi ciki, ya dube ni.

"Ya Ummi, ga ruwanki. Ko jariri a yi masa wanka."

"Inna ake ce mini. Kuma wanda ya taɓa tuwo a bakin akushi bai san zafin tukunya ba."

Na bar shi nan na bi ruwan ta inda yake gangarowa. Ido ya manta, amma hanci bai manta ba: akwai wani wari kamar na ƙwai da ya kwana biyu, shi na bi da sandata. Tafiyar minti ashirin na yi cikin tsakuwa, Auta ya biyo bayana yana roƙon in koma. Sai ga tururi na tashi daga gindin wani dutse, ruwa na ɓulɓulowa ta tsaga, gefensa ya yi fari da ruwan ɗorawa. Nan ƙafata ta tsaya da kanta.

A bakin idon ruwa

Mun tarar da wani mutum tsugune, ya zura wani ƙarfe mai agogo a ruwan. Da ya ji muna Hausa sai ya gaishe ni da Hausar Sudan, ya ce sunansa Malam Usman, malamin kimiyya ne a Lis, mahaifiyarsa Bahausa ce. Ya ce in kula da ƙafata, wurin nan yana saɓule fata.

Na ɗaure ɗankwalin a kan sanda na zura, na kama carbi. Auta ya kunna agogon waya. Minti bakwai na cika ya ce a gas iyakarsa ke nan, ya jawo sandar ya fasa ɗaya. Ya zubo masa a yatsu, fari kamar koko, kwanduwa ruwa tsararo. Ya miƙo mini hannu in ba shi mabuɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, mabuɗin na ɗaure a bakin zanena, na ji nauyinsa. Amma sai na tuna Innata zaune a kan dutse, leɓenta na motsi, ni ina kukan yunwa tana ce mini in bari ta cika dubu. Na mayar da sauran biyun na ce:

"Istigfari dubu uwata ta yi. Ni ɗari huɗu na kai. Ruwan da ba ka hura masa wuta ba, ba ka da ikon yi masa gaggawa."

Ina jan carbi, Malam Usman na yi wa Auta bayani, ni kuma kunnena na wajensu. Ya ce ruwan sama ne da ke sauka a kan duwatsun can, ya bi tsaga ya nutse ƙasa sosai, shekara da shekaru, har inda dutse ke da zafi. Ya ce ƙasar nan da tamu a haɗe suke da can, suna rabuwa a hankali, tekun da muka tsallako shi ne tsagar, shi ya sa wutar ƙasa ta matso kusa a nan. In ruwan ya ɗauki zafi sai ya nemi hanyar hawowa. Ya ce a wasu ƙasashe maƙogwaron hanyar siriri ne, tururi ya taru a ƙasa ya rasa mafita, sai ya watso ruwan zuwa sama ya wuce tsayin bene, ya huta, ya sake.

Na ce ai wannan madambaci ne da aka toshe wa baki da tsumma fiye da kima. Ya tafa hannu ya ce da zai samu, da ya kai ni ajinsa. Sai dai ya gyara mini abu ɗaya: wai ruwan nan bai kai tafasa ba, ma'auninsa na nuna wajen tamanin, tafasa kuwa sai ɗari, ƙwayoyin da nake gani iska ce ke fita. Shi ya sa ƙwai ke daɗewa. Na ce ban yi alkawari a kan lamba ba, a kan ƙwai na yi.

Dubu ta cika. Na jawo sanda, na fasa ɗaya a kan dutse, na ɓare. Ya tsaya cak a tafin hannuna. Na raba shi biyu, kwanduwa ta daskare har tsakiya. Na barbaɗa gishiri da yaji, na ba Malam rabi, na ba Auta rabi. Auta ya tauna ya daɗe, idonsa na kan tururin. Can ya tambaye ni, da Hausa tsantsa, a kan wane dutse kakarsa ta zauna. Na nuna masa wanda zuciyata ta fi kwanciya da shi.

Komawa

Mun yi azahar a Lis, muka ci kifi da shinkafa. Auta ya ce mu kama ɗaki in huta zuwa gobe. Na ce mai ɗaki ba ta kwana a gadon haya. A hanya ya ce to matattakalar hawa ɗakina fa, ashirin da uku ce. Na ce ranar da suka fi ƙarfina ni zan aika a kira shi, ba Dije ba.

Ƙarfe shida da minti goma muka shigo Misfala, ana shirin magariba. Na hau ashirin da ukun nan ina hutawa sau biyu, na kwance mabuɗi daga bakin zane, na buɗe ƙofata da hannuna. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, Ya saka wa Malam Usman da alheri, Ya yi wa Auta albarka, Ya jiƙan Innata.

Ƙwai na ukun kuwa na aika wa Hajiya Dije, da ɗan gishiri. Na ce a gaya mata ta ɓare da kanta.