Kwana Biyun da Alhaji Ya Taka Ƙasa

Babana magini ne a Bungudu, kuma a hannunsa na koyi aiki. 'Yan shekaru kafin mulkin kai, lokacin ina da mata da ɗa guda, wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Gusau ya kira mu muka gina masa gida. Wata biyar muka yi. Bango mai kauri, tagogi ƙanana can sama don zafi ya sami hanyar fita, rufin soro da azarar giginya. Baba da kansa ya je Tsafe ya zaɓo azarar, yana ƙwanƙwasa kowacce yana saurare. Ko a tsakiyar bazara, in ka shiga ɗakin mahaifiyar Alhajin sai ka ji sanyi har ƙashi.

Shekara ta zagayo, Alhaji ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ya ga gidajen kwano. Da ya dawo ya aika a kira Baba. Mun ɗauka yaɓe za a sabunta kafin damina. Muna isa muka tarar da lebarori a kan soron, suna fasa shi da diga.

Baba ya ce, "Alhaji, wanga rufi zai kai jikokinka. In kwano kake so, sa wa shago. Inna tsohuwa ce, zafi zai cuce ta."

Alhaji ya dubi abokansa da ke zaune a tabarma ya yi dariya. "Kun ji mai dama laka! Aikin da ko jaki aka ɗaure a ciki zai yi. Na kira ka ne ka ga zamani da idonka."

Azarar kuwa ya ce a kai wa mai tuwo a tasha ta hura wuta. Baba ya tsaya har aka sauke ta ƙarshe, sannan ya juya. Muka kama hanyar gida. Bai ƙara hawa bango ba, kuma damina ta biyu ya rasu.

Duk Juma'ar da na shiga Gusau sai na bi ta ƙofar gidan nan. Kafintan da ya buga sabon rufin bai fito da bakin kwanon sosai ba, ruwa na kwarara kai tsaye a jikin bango yana cin sa. Da bazara kuma tsohuwa ta koma wuni a gindin bishiya, don ɗakin ya zama tanda. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Na bi maginan garin ɗaya bayan ɗaya, galibinsu Baba ne ya koya musu, na tuna musu abin da aka yi masa.

A shekara ta uku bangon ɗakin tsohuwa ya tsage tun daga sama har ƙasa. Duk maginin da Alhaji ya aika wa sai ya ce aiki ya yi masa yawa. A ƙarshe ya zo Bungudu da kansa.

"Malam, ka zo ka rufa wa Inna ɗaki irin na babanka."

Na ce, "Zan zo. Amma ƙasar ginin kai za ka taka ta, a ƙofar gidanka, da rana."

Ya dube ni, ya ce to.

Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya shiga kwaɓi har gwiwa. Kafin azahar 'yan kasuwa da direbobi sun cika layin. Nakan sa hannu in matsa ƙasar, in girgiza kai in ce, "Da saura, Alhaji. A ƙara ciyawa." Alhali tun hantsi ta yi. Sau biyu santsi ya kwashe shi. Ban bari kowa ya karɓe shi ba, washegari ma haka.

Ɗakin kam na gina shi da gaske, na shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ci shi, na sa indararo mai tsawo. Tsohuwa ba ta yi mini laifi ba.

Da na koma Bungudu na tarar da mahaifiyata tana kaɗi a tsakar gida, na ba ta labari duka. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Kwana nawa ya yi a ciki?"

"Biyu, Inna."

Ta murza mazarinta. "Da ka bari ya cika uku."