Layin da na sa a ƙasa

Shekarar da na kama aiki a wata makaranta a Aliero, ni kaɗai ne mai kula da intanet, kuma ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro shi. Kullum da safe in hau babur daga Jega, in biyo bayan motocin albasa, in isa ofis rigata na warin albasa. Ɗakina ƙarami ne: kujera, fanka, sai rauta, wato na'urar da duk abin da zai shiga ko ya fita daga kwamfutocin makarantar sai ya bi ta cikinta.

Intanet ɗinmu ba ƙarfi, ma'aikata kuwa sun mai da shi gidan kallo. Sai shugaba ya ce in toshe kallon fim da kiran bidiyo. Abin nema ya samu. A rauta akwai jerin dokoki da ake rubutawa layi-layi, wannan a bar shi ya wuce, wancan a hana shi. Daga sama take karantawa, layin da ya fara dacewa shi take bi, ba ta ƙara duba na ƙasa. A gefen kowane layi kuma akwai lamba mai nuna sau nawa ya yi aiki. Na rubuta layin hani, na riƙa leƙa lambarsa tana hawa ina dariya ni kaɗai.

Wata Alhamis sai ga mai buga mana takardu ta shigo. Kirista ce daga can Filato, amma ta fi shekara ashirin a Jega, Hausarta ta fi tawa zama ta gari. Mama muke ce mata. Ita ce kullum take tsokanata wai na auri kwamfuta. Ran nan ba ta yi tsokana ba.

"Ɗana, mi na yi maka ka ruhe min hanya?"

Ta ce tsohuwarta na kwance can gida Filato, jiki ya yi tsanani, kunne kuma ya tafi, ko an kira ta a waya ba ta ji. Sai ta ga fuska take gane mutum. Kullum bayan azahar ƙanenta ke riƙe wa tsohuwar waya, ita kuma ta kira da kwamfutar ofis, don tata wayar ƙarama ce mai tocila. Kwana huɗu ke nan kiran ba ya shiga.

Kunya ta kama ni. Na ce, "Haba Mama, wanga ai ba komi ba ne. Layi guda ne, yanzu in buɗe miki."

Sauri nake, ana jirana a Maiyama, sunan ɗan yayana, har na ɗauki hutu sai Litinin. A tsaye na rubuta layin, cewa a bar kwamfutarta ita kaɗai ta yi kiran bidiyo. Sabon layi kuwa ƙarshen jeri yake sauka in ba ka ba shi gurbi ba. Na san haka sarai, da shi aka fara koya mana. Ban duba ba, ban gwada ba. Na leƙa ofishinta na ce an buɗe, ta bi ni da addu'a har bakin babur.

Na ci naman suna, na sha hira. Ran Litinin na tarar da kujerarta ba kowa. Mai gadi ya ce tsohuwar ta rasu ran Lahadi, Mama ta kama hanya. Ya ce har ran Asabar ta zo daga Jega ta roƙe shi ya buɗe mata ofis, ta daɗe a ciki, ta fito tana share ido.

Na shiga ɗakina na buɗe jerin. Ga layinta can ƙasa, ƙarƙashin layin hani, lambarsa sifiri. Na duba abin da aka hana, na ga kwamfutarta sau goma sha huɗu. Sau goma sha huɗu tana zaune gaban allo tana jiran fuskar uwarta, layin da na rubuta da hannuna yana mayar da ita. Na ɗaga nata sama. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Ihu bayan hari. Na kifa kaina a tebur, kuma ban tuna ranar da na ƙi kaina kamar wannan ba.

Bayan mako biyu ta dawo, ta rame. Ta shigo ta ajiye min ƙullin acca, tsarabar gida.

"Ka yi naka, ɗana. Sabis ɗin ƙauyenmu ne ba ya da kirki. Na so in kira ka, sai na ce yaro na cikin biki, kada in tashe shi."

Na buɗe baki in gaya mata. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba ku haƙuri, Mama."

Ta ƙara shekara biyu tare da mu kafin ta yi ritaya ta koma gida, ban taɓa gaya mata ba. Wani lokaci in ce na raga mata ne, kada in fama mata ciwo. Amma na san kaina na raga wa. Tun daga nan na gyara jerin nan ba adadi, na goge layuka, na ƙara wasu. Nata na nan a sama, shi rauta ke fara karantawa, kuma har yau lambarsa sifiri.