Sunan da Na Kasa Faɗa wa Akawu

Ban taɓa mantawa da Larabar da Dakta Bukar ya tare ni a barandar ɗakin mata, riƙe da fayil ɗina ba. Tun da Allah ya yi masa rasuwa ake ta rubutu a kansa, likitoci 'yan'uwansa da masu karanta shafinsa na intanet. Ni ban kai su ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na yi shi. Amma na ce bari in rubuta nawa, ko don ku da kuka kama aiki bayanmu.

Ni atenda ce, wato mai hidimar ɗakin marasa lafiya. Mu ne masu shara da goge ƙasa, mu canja zanen gado, mu tura mara lafiya zuwa ɗakin hoto. A samanmu akwai nas, a saman nas akwai metiron, sannan likitoci. Tsakanin atenda da likita yawanci gaisuwa ce kawai. To shi Dakta Babarbare ne ɗan cikin garin Lafiya, ni kuwa Bafulatana daga wajen Kwandere. Kun san wasan da ke tsakaninmu. Tun ranar da ya gane haka ban sake hutawa ba.

"Baiwata, an tashi lafiya? Ina nonon ubangidanki?"

"Ranka ya daɗe, bawa da tambayar nono? Je ka gama duba marasa lafiya tukuna."

Ban da aikin likita, yana rubutu a kan yadda ma'aikaci zai tattala albashinsa, da maganar ajiya da fansho. Da Turanci yake yi, nas-nas suna karantawa a waya. Mu da ba mu ji, sai ya zauna a kan benci lokacin canjin aiki ya juya mana da Hausa, mu yi ta yi masa gardama.

A shekarar da zai rasu aka yi aikin tantance ma'aikata. Kowa zai kawo takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma, a duba ko sun dace da abin da ke fayil. Aka sa Dakta cikin masu dubawa. Ran nan da ya tare ni bai ce baiwata ba. Cewa ya yi, "Inna Hajara, zauna."

"Wane ne Malam Sule?"

"Wan mijina ne."

"Yana ina?"

"Allah ya ji ƙansa, ya yi shekaru da rasuwa."

"To shi ne magajinki a takarda."

Bari in yi bayani don wanda bai sani ba. A fayil ɗin kowane ma'aikaci akwai inda ake rubuta wanda ofis zai nema idan mutum ya mutu yana bakin aiki. Ba shi zai cinye gado ba, amma shi ake ba takardun bin haƙƙi. Idan sunan mamaci ne a wurin, sai 'ya'ya sun yi ta zarya tsakanin kotu da sakatariya, wasu har su gaji su bari. Ni kuwa marayu huɗu gare ni, biyu suna makaranta, ga hawan jini ya fara taɓa ni.

Na gaya masa yadda aka yi. Bayan rasuwar mijina na sami aikin nan, lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Akawu ya ce, "Ɗanki na fari, yaya sunansa?" 'Yar fari gare ni, mace. Mu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna nata ne a gaban mutane. Na sunkuyar da kai, layi a bayana, akawu yana buga biro a tebur. Da ya gaji, sai na nuna Malam Sule da ya rako ni. Aka rubuta shi.

Dakta ya aje fayil ɗin. Ya ce, "Yanzu kunyar sunan kike ji, ko tsoron maganar mutuwa?"

Na ce, "Duka biyun."

"Fulani da wahalar da kai! Ba kin iya rubutu yanzu ba? Wa ya ce sai kin faɗa da baki? Ɗauki biro ki rubuta." Ya zaro sabon fom ya miƙa mini. Ya ce a liƙa fasfo biyu na yarinyar, metiron ta sa hannu, in kai ofishin rajista. Aikin wuni guda.

Na ninke fom na sa a ƙasan akwati. Rubutun ba shi ne damuwata ba, fasfon ne. Sai na je Azuba inda take aure, na dube ta na ce ita na zaɓa. A hannun kakarta ta tashi, Adda take kirana. Ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya muka yi hira ba. Da wane baki zan fara?

Duk sati sai ya tambaya. "Baiwata, fom." Ni kuma in ce, "Ranka ya daɗe, sati mai zuwa." Damina ta wuce, aka cire doya, muna kan sati mai zuwa. Wata Alhamis na same shi zai shiga mota, idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Na daina tambaya. Ranar da kika kai, ki zo da kanki ki gaya mini, ni ma in huta."

Litinin ina cikin goge ƙasa metiron ta shigo ta dafa kafaɗata, ta ce Dakta ya cika. Kwana biyu kawai ya yi a kwance. Na aje sandar guga na zauna a ƙasan da na jiƙa. Na girme shi nesa ba kusa ba, kuma tawa mutuwar muke ta shiri.

Bayan addu'ar uku na hau keke mai ƙafa uku na tafi Azuba. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "Ke, ba ni fasfonki biyu."

"Na me, Adda?"

Na zauna a tabarmarta, na shimfiɗa fom a cinyata, na rubuta sunanta harafi-harafi. Tana tsaye a kaina tana karantawa. Da na kai wurin da aka ce dangantaka, na rubuta 'ya. Ta juya ta shige ɗaki. Ta daɗe kafin ta fito da hotunan, idonta jawur, ta durƙusa ta ba ni da hannu biyu.

Washegari metiron ta sa hannu, na kai rajista. Akawun wata mata ce 'yar Keana, Hausarta ba ta gama nuna ba. Ta duba ta ce, "Mama, wannan wane ne naka?"

Ga shi a rubuce a gabanta. Da na ga dama sai in nuna da yatsa. Amma na ji bakina ya ce, "'Yata ce. Ta fari." Ta buga hatimi.

Na fito da sauri, na bi baranda, na wuce ɗakin magani, har sai da na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa ƙofar ofishin Dakta. Sannan na ji muryar wani likita daga ciki.

Mu ma'aikatan asibiti kullum muna rufe idon mutane, amma mu ne ƙarshen masu gyara takardunmu. Ku duba fayil ɗinku. Kuma idan babba ya sauko ya zauna a benci don matsalarku, kada ku ce masa sati mai zuwa. 'Ya'yana sun tsira daga zarya, na gode Allah. Shi da ya nemi in zo in gaya masa, ban samu na gaya masa ba. Allah ya kai haske kabarinka, Dakta. Na kai fom ɗin.