Gwiwar Ƙadangaruwa

Taubashina mai guga ne. Ɗan kawuna ne, ni 'yar goggonsa, saboda haka ina da ikon in faɗi duk abin da na ga dama a kansa. Mutum ne da ko inuwarsa ya ga ta yamutse sai ya nemi ya goge ta. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: tebur da tsohon bargo a kai, dutsen guga na gawayi da na lantarki, igiya cike da rigunan mutane, sai labule. Bayan labulen nan yake kwana shi da 'yarsa.

Matarsa ta rasu yarinyar tana tatata. Ƙadangaruwa muke ce mata, don babu katangar da ba ta hau ba a layin nan, kuma na rantse, da a ce sama na da matakala, da tuni ta leƙa. Tun da aka share makoki surukarsa, kakar yarinyar, ta so ta tafi da ita. Ta ce namiji ba ya raino tsakanin garwashi da titi. Bawan nawa, wanda ko kaza ba ya iya yi wa tsawa, ya durƙusa ya yi ta roƙo har ta haƙura, amma da sharaɗi: ranar da ta ga ciwo a jikin jikarta, ranar za ta ɗauke ta. Duk ƙarshen mako sai ta zo, ta juya yarinyar gaba da baya kamar mai zaɓen kankana.

To, ina aka taɓa ganin yaro mai tsalle babu ƙujewa? Sai ya zama gwanin ɓoyo. Ƙarzuwa a gwiwar hannu, riga mai dogon hannu. Tuntuɓe a yatsa, safa, ko da rana na narka kwalta. Na sha ce masa wata rana zai naɗe ta a leda ya rataye a igiya tare da kayan mutane. Ba ya dariya. Sai ya sunkuya ya ce mata, “In Kaka ta tambaya, ki ce ba komai. Kin ji, uwata?”

Ranar da abin ya faru, ta diro daga kan tarin bulo ta ƙuje gwiwa a tsakuwa. Ciwon bai kai ya kawo ba. Amma washegari ranar zuwan kaka ce, shi kuma hankalinsa ya tashi. Bai wanke ba. Ya barbaɗa hoda don jinin ya tsaya, ya danna auduga, ya naɗe da ƙyalle tamau, ya zura mata dogon wando mai kari kamar wuƙa. Kaka ta zo, ta ga wando fes, ta duba fuska da hannuwa, ta tafi. Bayan nan duk lokacin da ya ce wa yarinyar ta kawo ƙafar ya gani, sai ta ce ai ya warke, ta ruga. Shi kuma da yake abin da yake son ji ke nan, ya yarda.

Ni na gano. Na je karɓar mayafina na tarar Ƙadangaruwa zaune a ƙarƙashin tebur, shiru. Na tsokane ta, na ce yau katangu sun samu hutu ke nan. Ta miƙe za ta gudu, ƙafar ta ƙi. Da muka naɗe wandon, audugar ta manne da nama, sai da muka jiƙa ta da ruwan ɗumi ta saki. Gwiwar ta kumbura, ta yi ja, da zafi kamar gindin dutsen gugarsa, ga mugunya, ga tsakuwa har yanzu a ciki.

Ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa masa ba.

“Kai ka ce in ce ba komai,” in ji ta. “In na faɗa, Kaka za ta tafi da ni.”

Ban taɓa ganin ya bar wuta a kan kaya ba sai ranar. Rigar wani bawan Allah ta yi taga a baya, ko kallonta bai yi ba. Ya saɓa yarinyar muka nufi ƙaramin asibitin unguwa. Nas ta wanke ciwon, ta ciro tsakuwar, ta ba da magani. Ta ce da tun farko ya zuba ruwa mai tsabta ya wanke ƙasar, ya sa sabulu a gefe-gefe, ya rufe da bandeji mai tsabta yana canzawa kullum, da tuni an manta. Hoda da auduga ba su da wurin zama a kan ciwo. Ta ce in ya ga jan na yaɗuwa ko zazzaɓi ya zo, ya dawo da gudu.

A hanya na ba shi shawara irin tawa: ya ce wa kaka sun yi tafiya, kafin ta sake zuwa ciwon ya warke. Ya girgiza kai. Daga nan gidan surukar ya wuce, da yarinyar a kafaɗa, ni ina biye ina jiran a yi girgizar ƙasa.

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta saurare shi har ƙarshe, ta duba bandejin, sannan ta ce, “Ɗana, yaro ba ya girma bai faɗi ba, na sani. Tsoro ne ya sa na faɗi waccan magana. Amma ka koya mata ta haɗiye ciwo, wannan ne ba zan iya ba.” Ta ce yarinyar za ta zauna wurinta. Ya tambaya har yaushe. Ta ce sai ta gani.

Yanzu kullum da safe, kafin ya hura gawayi, yana can tsakar gidan surukarsa, gurfane da buta da sabulu, don Ƙadangaruwa ta ce ba mai taɓa mata gwiwa sai babanta. Yana wankewa yana tambayar ta ko da zafi. In ta ce babu, sai ya tsaya, ya kalle ta, ya sake tambaya. Ciwon ya kusa rufewa. Na lura bawan nawa ba ya murna da hakan, don bai san da wane dalili zai riƙa sallama a ƙofar nan kowace safiya ba in ya warke, kuma har yau tsohuwar ba ta faɗi ranar da za ta mayar masa da 'yarsa ba.