Husainatu da Irin Dogari

Duk Kwargaba babu wanda bai san Husainatu mai mussoshi ba. Tun rasuwar mijinta ba ta nemi wani ba, ta ce ciyar da mai gashin baki guda ya ishe ta, gara wanda ke kama kusu. Da aka tare ruwa a Goronyo noman rani ya kankama, shinkafa ta cika rumbuna, kusa suka biyo ta. Mai rumbu duk sai ya zo roƙon ɗan mussa wurinta, don irin muzurunta Dogari ba su barin ko jaba. Da wutsiya ake gane su, a lanƙwashe take awa lauje.

Sai ga maganin kusu ya shigo kasuwa. Raggaye suka barbaɗa shi ko'ina, mussoshinta mata da 'ya'yan da ta rarraba suka ci matattun kusa, cikin damina guda suka ƙare. Dogari kaɗai ya rage, ga tsufa, haƙori biyu. In ya mutu, iri ya yanke.

Ta ji labarin Andrawus malamin dabbobi, mai yawo da tulun ƙarfe bisa babur. Wai irin bijimi ke ciki, a daskare cikin tsinkaye, ana sa ma saniya ta ɗauki ciki ba ta ko ga sa ba. Ranar kasuwar Wurno ta sa Dogari cikin kwando ta tare shi.

"Ɗana, ɗebe mini irin wanga ka aje, har in samu mace."

Andrawus ya leƙa kwandon. "Inna, tuluna na shanu ne. Na kyanwa ana yi, amma can nesa, sai an sa mata barci, da kayan da ban taɓa riƙewa ba."

"In sanyi na, ina da randa. Ta hi tulunka."

"Randa ba ta daskarar da komi, Inna."

"To mi aka koya muku?"

Andrawus ya tsaya kallon wutsiyar da ta leƙo ta bakin kwando. Ya tambaya ko tsohon na yawo. Ta ce ina, ko zaure da ƙyar yake kaiwa.

"Hau babur," in ji shi.

Ƙauyen Sisawa ya kai ta, gidan wani Maccido da ya yi wa saniyarsa aiki shekaranjiya. Bayan rumbu ga wata baƙar mussa kwance, 'ya'ya biyar na tsotso. Huɗu da wutsiya awa lauje.

Husainatu ta zauna daɓas a ƙasa, ta daɗe tana ƙirga su. Sannan ta buɗe kwando.

"Tsohon banza. Ni ina ta jiƙa maka hura, ashe har Sisawa kake zuwa."

Maccido ya ce in an yaye ta ɗauki biyu. Ta zaɓi mata.