Harsashin da aka maido mani a kasuwar Kanan-Bakashe

Jama'a, ni ban yi lakwal ba, wato boko, faɗi nake ana rubutawa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na zaman tatsuniya. Wallahi tallahi abin da za ku ji da idona na gan shi, da rana tsaka.

Shekarun baya ne, muna wani ƙauye kusa da Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi. Maigidana, Allah ya jiƙan shi, manomi ne amma maharbi ne na gado, yana da adaka, bindigar nan ta maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki. Harsashinta kuwa ni ke yi mashi. In fasa tsohon batir na mota, in narka dalmar a kasko, in zuba. Ƙanana kamar dawa na zabbi ne da zomo. Manya kuwa, masu kaurin babban yatsa, na mugun nama ne, kuma ba a cika yin su ba, don in ba a iya awon albarushi ba sai bindiga ta fashe a hannun mutum. Ni al'adata in na zuba babba ya huce sai in cije shi in ji ko dalmar ta yi. To ina da wushirya, saboda haka shaidar haƙorana biyu da 'yar hanyar tsakaninsu tana fitowa a jiki, ko cikin dubu zan gane nawa.

Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, sai wani abu ya fara ɗauke wa mutane awaki wajen kabar gulbi, da hantsi fa, masu kiwo na kallo. Aka ce kura ce. Tsofaffi suka ce wace kura, a ƙasar da gonaki suka cinye daji tun muna 'yan mata? Da aka ɗauke mana uwar garke, maigida ya ce in zuba mashi manya. Na zuba uku. Ya ɗura ɗaya, biyun ya sa a burgaminshi, jakar fatar da yake matashi da ita.

Ya dawo bayan azahar fuska ba daɗi. Ya ce ya gan ta, ya same ta a haƙarƙarin hagu, ta faɗi har ƙura ta tashi, amma da hayaƙi ya washe babu kura babu jini.

Ranar kasuwar Kanan-Bakashe na hau amalanke na kai daddawata. Rana ta take, ina zaune kusa da inda ake ɗaure jakuna, sai na ga jakunan duk sun ja igiya sun koma gefe guda suna rawar jiki. Ni mai lura ce, na ɗaga kai. Wata mata ce ke tahowa, mai faɗin kafaɗa, ta lulluɓa da baƙin zane, tana tafiya kamar ƙugunta ya fi kafaɗun sanyi, hannunta dafe da haƙarƙarin hagu. Ta tsuguna gabana ba sallama. Wani ƙarni ya buge ni, ni da ke zaune cikin warin daddawa!

Na ce, "Baiwar Allah, ta nawa za a ba ki?"

Ta ce, "Ba saye na zo ba, 'yar'uwa. Kayanki na maido maki."

Ta ajiye abu a kan faifaina. Innalillahi! Harsashina ne, bakin ya ɗan baje, amma ga wushiryata nan a jiki. Na taɓa, da ɗumi kamar yanzu aka ciro shi daga jikin mai rai.

Ta ce, "Hannunki da nauyi, kin iya zubi. Wannan ni na kawo. In maigidanki ya sake ɗura wani, shi kanshi za a kawo maki."

Ta miƙe da ƙyar ta shiga tsakanin masu hatsi. Na tambayi mai gishirin da ke gefena ko ta san matar, ta ce wace mata, ita dai ta ga ina magana da faifai.

Ban jira kasuwa ta watse ba, na bar mata daddawar na hau bayan mai babur, ni da ban taɓa yarda da babur ba. Ina karanta duk abin da na iya, ina cewa Allah ka sa bai fita ba.

Na iske shi a tsakar gida da bindiga a cinya, ya riga ya zuba albarushi, wai an sake ganin kurar da safe. Na faɗa mashi komai, na miƙa mashi harsashin. Ya juya shi, ya yi dariya.

"Ke dai rana ta buge ki. Wani ya tsinta a gulbi ya zolaye ki. Kura mai zuwa cin kasuwa? Me ta saya, goro?"

Na ce, "Malam, ban taɓa tsallake maganarka ba, amma yau ba ka fita."

Ya ce, "Matsa mani, rana na yi."

Sai na ɗauki buta na tuttula ruwa a bakin bindigar. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin idonshi ya yi ja haka ba. Ya ce ai akwai sauran albarushi, zai shanya ta ya sake ɗuri, ya shiga ɗaki ya ɗauko burgamin, ya kwance bakin a gabana ya zazzage.

Biyun suka faɗo. Kowanne da wushiryata, amma kusa da ita akwai wani cizon, na manyan haƙora, ya nutse har ya kusa raba dalmar biyu. Kuma da danshin yawu a jiki.

Jama'a, burgamin nan ƙarƙashin kanshi yake kwana, ɗaurin bakin ma nashi ne, ba wanda ya kwance.

Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya zauna a kan turmi. Can ya ce, a hankali, "Ba ni ruwa in sha."

Bai sake ɗura bindigar nan ba har ya koma ga Allah, da furfura, a kan gadonshi. Ni ma ban sake narka dalma ba. Awaki sun ci gaba da ɓata har ruwa ya sauka, sannan abin ya tsaya, ba wanda ya san dalili. Harsasan nan uku mun haƙa rami bayan rumbu mun binne, washegari muka iske ramin a tone.

Ku samari masu sha'awar bindiga, ku ji daga bakin tsohuwa: abin da ya zo maku a inda bai kamata a gan shi ba, a lokacin da bai kamata ba, ku kora dabbobinku gida ku yi addu'a. Ni har gobe in na je kasuwa, kafin in shimfiɗa kayana sai na duba jakuna.